Yadda zaka gane tsarin kotunan ƙasar da ka shiga tun kafin shari'a ta same ka

Akwai wani ɗan kawuna da yake kasuwanci tsakanin Jibiya da Maraɗi, shekara da shekaru yana bin wannan hanya har ya san kowane shinge da kowace tasha, amma ranar da rigima ta haɗa shi da abokin cinikinsa na can a kan kuɗin kaya sai ya koma kamar baƙon da ya sauka yau. Ya kira ni a waya ransa a ɓace, wai shi fa ba zai yarda ba, ko Kotun Ƙoli ce sai ya je. Na ce masa yaya, wace Kotun Ƙolin? Ya ce ta Yamai mana. Toh a nan matsalar take, don shari'ar kasuwanci irin tasa in ta yi nisa ba a Yamai take ƙarewa ba, a Abijan take ƙarewa, can ƙasar Kodebuwa. Ya yi shiru ya fi minti ɗaya, sannan ya ce me ya haɗa kayansa da Abijan.

Abin ya tsaya min a rai, saboda mutanenmu suna ko'ina, Yamai, Kumasi, Garwa, Jidda, Landan, kuma mafi yawa suna tafiya ne da hoton kotun garinsu a kai, suna zaton ko'ina haka take. Ba haka take ba wallahi. Kuma abin da yake fara yaudarar mutum shi ne suna, ka ji an ce babbar kotu ko kotun ƙoli sai ka ɗauka ka gane. A jihar New York ta Amurka kotun da suke ce wa kotun ƙoli ita ce inda ake FARA shari'a, ta saman gaba ɗaya kuma sunanta kotun ɗaukaka ƙara. Saboda haka ka ajiye suna a gefe, ga abubuwan da ni nake dubawa.

Fara da tambayar wa ya raine su

Wannan ita ce tambayar da take buɗe rabin ƙofar. Ƙasar da Ingila ta mulka, irin Najeriya da Gana da Kenya da Indiya, ta gaji tsarin da hukuncin alƙalan baya yake da ƙarfin doka, wato in Kotun Ƙoli ta taɓa yanke magana a kan irin matsalarka to duk alƙalin da yake ƙasa da ita dole ya bi, ko yana so ko ba ya so. Shi ya sa zaka ga lauyan Najeriya ya shigo kotu da tulin littattafai yana ta karanto shari'ar wane da wane ta shekara kaza. Ƙasar da Faransa ta mulka kuma, irin Nijar da Chadi da Mali da Senegal, ta gaji tsarin kundi, komai an rubuta shi aya-aya, asalinsa kundin Napoleon na 1804, alƙali yana fara duba abin da aya ta ce ne, hukuncin magabata yana taimakawa amma ba shi ne ginshiƙi ba.

Kada ka ɗauka wannan maganar 'yan makaranta ce kawai, don a zaman kotu zaka ga bambancin da idonka. A tsarin Ingila shari'a kamar dambe ce, lauyoyi biyu ne a fili suna gwabzawa, kowa ya kawo shaidunsa, ɗaya ya yi wa shaidar ɗaya tambayoyin ƙure, alƙali yana zaune yana rubutu yana raba gardama. A tsarin Faransa alƙali shi ne mai jan ragama, shi ke yi maka tambaya kai tsaye, kuma in laifin babba ne akwai wani alƙali na daban da aikinsa bincike ne kawai, zai kira ka ofis ɗinsa, ya saurare ka, ya haɗa ka da wanda yake zarginka fuska da fuska, ya tara komai a fayil, kuma yana iya cewa babu hujja a rufe magana tun ba a je zauren shari'a ba. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne a irin waɗannan ƙasashe fayil shi ne shari'ar. Mutumin da ya saba da Najeriya sai ya riƙe maganarsa a ciki yana cewa bari sai ranar kotu lauyana zai tashi ya yi bayani, alhali ranar da aka kira shi ofis ɗin nan na farko, abin da ya faɗa aka rubuta ya sa hannu, shi ne abin da zai bi shi har ƙarshe. Don Allah kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba, ka nemi tafinta, ka nemi lauya tun daga wannan matakin.

Kamaru kuwa ta haɗa biyun, yankuna biyu na masu Ingilishi suna kan tsarin Ingila, sauran ƙasar tana kan na Faransa, kuma kada ka raina wannan, rikicin da ya ci rayuka a can ya faro ne daga yajin aikin lauyoyi a ƙarshen 2016, suna ƙorafin ana turo musu alƙalai masu Faransanci da ba su san tsarinsu ba.

Tsani ɗaya ne ko tsani da yawa

A Najeriya kusan duk hanyoyi suna haɗuwa a wuri ɗaya. Ko daga kotun majistare ka taso ko daga kotun shari'ar Musulunci, sama-sama dai zaka iske Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1976, daga ita sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda tsarin mulkin 1999 ya ce Alƙalin Alƙalai ne da wasu alƙalai da ba su wuce 21 ba, suna zama su biyar, in maganar tsarin mulki ce su bakwai. Ko da gwamnati kake shari'a ko da maƙwabcinka, tsanin ɗaya ne.

Faransa ba haka ba ce, tsani biyu gare su kuma ba sa haɗuwa. In rigimarka da mutum ce ko kamfani, ko laifi ake tuhumarka da shi, kana tsanin da ya ƙare a kotun da suke kira Kasasiyo. In kuma da hukuma kake rigima, an hana ka takardar zama, an kore ka daga aikin gwamnati, magajin gari ya rushe maka shago, to wannan tsani ne daban da alƙalansa daban, ƙarshensa majalisar da suke kira Konsai Deta, wadda take nan tun 1799. Har wata kotu ta musamman gare su da ba ta da aiki sai raba gardamar wane tsani ne ya dace da wace ƙara. Sannan maganar ko doka ta saɓa wa tsarin mulki ta wata majalisa ce can daban mai mutum 9, kowa shekara 9 yake yi ba ƙari. Jamus ta ma fi su rarrabawa, manyan kotuna biyar gare ta a garuruwa daban-daban, ta ƙwadago a Erfurt, ta haraji a Munich, ta ƙarar hukuma a Leipzig, haka dai, ga kuma kotun tsarin mulki a Karlsruhe mai alƙalai 16 da kowannensu ke yin shekara 12 sau ɗaya tak.

Nijar ta ɗauko na Faransa, a tsarin mulkinta na 2010 akwai Kasasiyo, akwai Konsai Deta, akwai kotun tsarin mulki, akwai ta binciken kuɗin gwamnati. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sojoji suka dakatar da tsarin mulkin, suka kafa Kotun Ƙasa a madadin manyan biyun na farko, ita ce ma ta cire wa Mohamed Bazoum rigar kariya a Yunin 2024. Wannan ya nuna maka wani abu, tsarin da ka karanta a littafin shekara biyar da suka wuce yana iya zama ba shi ne a ƙasa yau ba, ka tambayi mutumin da yake shiga kotun a wannan watan.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ka kai ƙara gidan da ba nata ba. Lauyoyi suna ce masa hurumi, kuma gaskiya babu abin da yake kashe shari'ar mai gaskiya kamarsa, sai ka yi shekara uku kana zirga-zirga kana biyan kuɗin mota da na lauya, rana ɗaya a ce wannan kotun tun farko ba ta da hurumi, duk abin da aka yi ya tashi a banza a koma farko.

In ƙasar tarayya ce, abu ya ƙara ninkuwa

Amurka tana da tsarin kotuna na tarayya, kotunan farko 94, na ɗaukaka ƙara 13, sai Kotun Ƙoli mai alƙalai 9, amma kowace jiha cikin 50 ɗin nan tana da nata tsarin daga ƙasa har sama, kuma yawancin abin da yake kai talaka kotu, sata, faɗa, saki, haya, hatsarin mota, na jiha ne. Texas ma manyan kotuna biyu gare ta, ɗaya ta laifuka ɗaya ta sauran ƙararraki. Kuma kada wani ya ce maka zamu kai har Kotun Ƙolin Amurka, dubban ƙararraki ake kai mata a shekara tana zaɓar ƙasa da 100, ita ke zaɓar abin da take son ji.

Mu a Najeriya tarayya muke amma rabuwar a tsakiya take, ba a sama ba. Akwai Babbar Kotun Tarayya, wadda ta fara a 1973 a matsayin kotun harajin tarayya, ita ke da maganar kwastan, shige da fice, kamfanoni, jiragen ruwa da na sama, miyagun ƙwayoyi, da yawancin ƙararrakin da suka shafi hukumomin tarayya. Akwai babbar kotun jiha mai maganar fili, bashi, kisan kai, sarauta. Su biyun matsayinsu ɗaya, babu wadda take saman wata, shi ya sa a rikicin masarautar Kano a 2024 aka wayi gari wannan ta ba da umarni waccan ta ba da kishiyarsa jama'a suka rasa wanda zasu bi, sai a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce maganar sarauta ba hurumin kotun tarayya ba ce. Ga kuma kotun ma'aikata mai rigimar albashi da kora daga aiki, ita ma a jerinsu take.

Birtaniya ma ba tsari ɗaya ba ne, Sikotland nata daban ne da na Ingila, shari'ar laifi a can a gida take ƙarewa.

Addini da al'ada, ina aka ajiye su

Nan ne ya fi shafar gidajenmu, don aure da saki da gado da riƙon 'ya'ya su ne suka fi kai mu gaban alƙali. A arewacin Najeriya muna da kotunan shari'a na ƙasa da manyansu, a wasu jihohin har yanzu eriya kotu ake ce musu, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da Girandi Kadi yake shugabanta. Tun da Zamfara ta fara a 1999 zuwa 2000, jihohi 12 suka faɗaɗa shari'a ta haɗa da laifuka. Amma ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe: hurumin da tsarin mulki ya bai wa kotun Girandi Kadi na al'amuran iyali ne, aure, gado, wasiyya, waƙafi, kyauta, riƙon maraya, kuma kotunan sama sun sha rushe hukuncinta idan ta shiga rigimar mallakar fili zalla ko ciniki. Saboda haka in ka sha kaye a babbar kotun shari'a, kafin ka biya kuɗin afil ka zauna da lauya ku tantance, wannan ƙarar ta Girandi Kadi ce ko ta babbar kotun jiha. Sannan daga Girandi Kadi magana ba ta ƙare ba, tana tafiya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda dole a cikin alƙalanta a samu aƙalla uku masana shari'ar Musulunci, daga can Kotun Ƙoli.

Tsallaka iyaka ka shiga Nijar, ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, amma babu kotun shari'a a jerin kotunan gwamnati. Abin da suke yi shi ne, in maganar aure ce ko gado ko gona, alƙalin gwamnati ne dai zai zauna amma da mataimaka masana al'adar masu ƙarar, galibi malamai ne, suna ba shi shawara, ya yanke hukunci bisa al'ada, al'adar kuwa a wurin Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ai Musulunci ne ya cika ta. Kuma sarakunan gargajiya doka ta ba su ikon sasanci, daga mai gari zuwa sarki, in an daidaita a rubuta takarda. Wannan takardar ka riƙe ta da kyau, tana da nauyi in an je gaban alƙali.

A Gana rigimar sarauta ba a fara ta a kotu, majalisun sarakuna ne suke sauraro mataki-mataki har ta ƙasa baki ɗaya, daga nan ne take iya zuwa Kotun Ƙoli. Kenya tana da kotunan Kadi amma aure da saki da gado kawai, kuma sai duka ɓangarorin Musulmi ne sun yarda.

Saudiyya ita shari'a ce tushen komai, alƙalai sun fi bin mazhabar Hambali, mu kuma Malikiyya muka saba da ita, ko wannan kaɗai ya isa ka yi hattara da cewa ai na san hukuncin. Tun gyaran da Sarki Abdullah ya yi a 2007 suna da Kotun Ƙoli, kotunan ɗaukaka ƙara, sannan kotunan farko da aka raba, na laifuka, na iyali, na kasuwanci, na ƙwadago, da na gama-gari, ƙarar hukuma kuma tana zuwa Diwanul Mazalim. A 'yan shekarun nan sun shiga rubuta dokoki a kundi, na iyali a 2022, na mu'amalar kuɗi da yarjejeniya a 2023. Da Larabci ake komai, kuma shigar da ƙara da bibiyarta yawanci ta intanet ne a manhajar Najiz. 'Yan uwanmu mata da maza da suke aikatau a can ana danne musu albashi, su sani akwai kotun ƙwadago kuma baƙo ma yana da ikon shiga.

Ina ne ƙarshen hanya, kuma me ake yi a can

Ba kowace ƙara ce take kai wa ƙololuwa ba. A Najeriya ƙarar zaɓen gwamna tana tashi daga kotun sauraron ƙararrakin zaɓe zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli, shi ya sa Abba Kabir Yusuf ya sha kaye sau biyu a 2023 amma ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. Ƙarar ɗan majalisa kuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take mutuwa, 'yan majalisar Filato da aka tsige a wannan kakar ba su da inda zasu je, alhali gwamnansu da aka tsige a kan kusan irin wannan hujjar ya je sama ya dawo da kujerarsa. Ni dai wannan yana damuna har yau, hujja ɗaya sakamako biyu, don kawai wani tsaninsa ya fi na wani tsawo. Ƙarar shugaban ƙasa ita daga Kotun Ɗaukaka Ƙara take farawa. A Gana da Kenya kai tsaye Kotun Ƙoli ake kai ta, kuma ta Kenya ce ranar 1 ga Satumba 2017 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai David Maraga ta soke zaɓen shugaba mai ci ta ce a sake.

Sannan ka san me kotun saman take yi. Kasasiyo ba ta sake sauraron shaidu, ba ruwanta da wa ya yi gaskiya wa ya yi ƙarya, abin da take dubawa kawai shi ne an bi doka daidai ko ba a bi ba, in ba a bi ba ta fasa hukuncin ta mayar da ƙarar wata kotun ƙasa a sake. Ma'ana damarka ta kawo hujja sau biyu ce, kotun farko da ta ɗaukaka ƙara, kada ka ɓoye wata takarda kana cewa sai an je sama. Ko a Najeriya ma da wuya kotun sama ta karɓi sabuwar shaida, kundin abin da aka yi a ƙasa take karantawa.

Toh mu koma Abijan. A 1993 ƙasashen Afirka masu Faransanci suka haɗu suka ce dokar kasuwancinsu ta zama ɗaya, ƙungiyar ana ce mata OHADA, yanzu ƙasa 17 ne, Nijar da Chadi da Kamaru da Benin da Togo duk suna ciki. Dokar ciniki, kamfani, jingina, karɓo bashi, duk iri ɗaya ce a waɗannan ƙasashe, kuma in ka wuce kotun farko ka wuce ta ɗaukaka ƙara, a Yamai ne ko Damagaram, mataki na ƙarshe kotun haɗin gwiwa ce da take zaune a Abijan, kuma ita in ta fasa hukunci ba ta mayarwa ƙasa, da kanta take yanke magana. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau da yake ba da kaya bashi zuwa waɗannan ƙasashe ya kamata ya san wannan, akwai ma hanya ta gaggawa a dokar tasu da alƙali zai ba da umarnin a biya ka ba tare da doguwar shari'a ba, amma sai bashin yana da shaida a rubuce da adadi sananne. Mu kuma cinikinmu yawanci na baka ne da amana. A nan ɗan kawuna ya sha wahala, miliyoyin sefa amma babu ko guntuwar takarda sai saƙon murya a WhatsApp.

Kwanaki, kwanaki, kwanaki

In ka manta komai kada ka manta wannan. Ranar da aka yanke maka hukunci, kafin ka fita daga harabar kotun ka tambayi rajistara ko magatakarda kwana nawa gare ni na ɗaukaka ƙara, kuma daga yaushe ake fara ƙirgawa. A Najeriya daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne in hukuncin ƙarshe ne a ƙarar da ba ta laifi ba, kwana 14 kacal in ƙaramin hukunci ne na tsakiyar shari'a, kwana 90 a shari'ar laifi. Ƙarar zaɓe kwana 21 ne daga bayyana sakamako. A Saudiyya kwana 30. A Faransa shari'ar laifi kwana 10 ne kawai, ka ga wanda ya tafi da lissafin kwana 90 a kansa ai kafin ya gama tara kuɗin lauya an rufe ƙofa. Kuma ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi tun da zafinsa, don babu lauyan da zai iya yi maka komai da labarin baka.

Su waye alƙalan, wa ya ɗora su

Wannan ba zai canza inda zaka kai ƙara ba amma zai gaya maka irin mutumin da zaka tsaya a gabansa. A Faransa alƙalanci sana'a ce da ake shiga tun ana matashi, ka ci jarrabawa ka tafi makarantar alƙalai a Bordo, ka fito a tura ka, saboda haka a ƙasashen da suka gaji wannan tsari kada ka yi mamakin ganin yaro ɗan shekara talatin a kan kujera, kuma mai gabatar da ƙara na gwamnati shi ma daga wannan gidan ya fito. A Najeriya sai ka yi shekara 10 da zama lauya kafin babbar kotu, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce take ba da suna shugaban ƙasa ko gwamna ya naɗa, ritaya kuma shekara 70 tun gyaran 2023. Ta wannan tsanin Aloma Mukhtar ta hau har ta zama mace ta farko Alƙaliyar Alƙalai a 2012. A Amurka alƙalin tarayya har mutuwa ne ko ya ajiye da kansa, Clarence Thomas yana Kotun Ƙoli tun 1991, a jihohi da yawa kuma zaɓen alƙali ake yi da ƙuri'a har da kamfe. A Ingila mafi yawan ƙananan laifuka majistarori ne suke yankewa waɗanda ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne 'yan sa kai ba albashi, suna zama su uku da masanin doka a gefe, manyan laifuka kuma mutum 12 ake ɗebowa daga cikin jama'a su ce ya aikata ko bai aikata ba, alƙali ya yanka hukunci. Gana ma tana amfani da irin waɗannan mutane, su 7, a shari'ar kisa. Mu a Najeriya alƙali shi kaɗai ne yake yin duka biyun.

Kotunan ƙetare kuma kada a ruɗe ka da su. Ta birnin Hague na ƙasar Holan guda biyu ce, ɗaya ƙasa da ƙasa ne kawai suke shari'a a cikinta, ita ce ta bai wa Kamaru Bakasi a 2002, ɗayar ta manyan laifukan yaƙi ce, babu wadda zaka kai wa ƙarar gonarka. Wadda mutum ɗaya yake iya shiga da kansa ita ce kotun ECOWAS a Abuja, in gwamnati ta tauye maka haƙƙi, a wannan kotun Hadijatou Mani ta kayar da gwamnatin Nijar a 2008 a kan bauta, sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

In abu ya riga ya faru kana ƙasar waje, lauyan garin zaka nema mai lasisin tsayawa a wannan kotun, lauyanka na gida komai ƙwarewarsa shawara kawai zai iya ba ka. In an kama ka ka ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku, haƙƙinka ne. Sarkin Hausawa ko sarkin zango na garin yakan san wane lauya ne mai amana da wanda yake cin baƙi, ka je ka gaishe shi. Sammaci ko wace irin takarda aka miƙo maka ka rubuta ranar da ta shigo hannunka a bayanta.

Shi ɗan kawun nawa a ƙarshe ba su kai ko kotun farko ba, dattawan kasuwa suka zaunar da su aka yi sulhu aka yafe wani abu aka tsara biyan sauran kashi huɗu, amma wannan karon lauyan da ya samu a Maraɗi ya dage sai an rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu biyu aka buga hatimi. Kashi uku sun shigo, na huɗun sai bayan girbi.